Matambayi Ba Ya Ɓata: Jawabi a Kan Taron Kimiyya na Jama'a

Wannan shi ne jawabin wannan wata. An shirya shi don malaman yaƙi da jahilci su karanta wa ɗalibansu a Bagudo, da Illo, da Lolo, da Tsamiya, da Ka'oje, da Zagga, da sauran garuruwan bakin iyakar Benin. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

 

Jawabin yau a kan wani irin taro ne da ake yi a ƙasashe da yawa. Ana kiransa taron kimiyya ko bikin kimiyya. A wannan taro masana sukan fito daga makarantunsu su zo cikin jama'a. Sukan nuna abin da suka sani a fili, su yi bayani da harshe mai sauƙi, kana su bar kowa ya yi tambaya. Ba a neman takardar shaida a bakin ƙofa. Yaro da tsoho, mace da namiji, manomi da masunci, duk wurinsu ne. Akwai kuma dalilin da ya sa ya kamata mutanen ƙasar Bagudo su shirya irin nasu kafin watan Fabrairu na 2027. Dalilin zai zo a gaba.

MECE CE KIMIYYA?

Kimiyya ita ce neman sanin yadda abubuwa ke gudana ta hanyar lura, da awo, da gwaji. Mutum ya ga abu, ya tambayi dalilinsa, ya gwada, ya rubuta abin da ya gani. Wani kuma ya zo ya sake gwadawa don a tabbatar.

Manomin da ya shuka irin shinkafa biyu a fadama ɗaya don ya ga wanda ya fi yabanya, ya taɓa kimiyya. Haka maƙerin da ke duban launin ƙarfe a wuta ya san lokacin bugu. Haka makiyayin da ke gane ciyawar da ke kumbura wa saniya ciki. Abin da masana suka ɗara su da shi shi ne rubutu da lissafi. Abin da aka rubuta ba ya mutuwa tare da mai shi. To, ɗalibin yaƙi da jahilci ya riga ya kama alƙalami. Ashe ya kama hanya.

ƊAN MAƘERI MAI ƊINKIN LITTAFI

An haifi wani yaro mai suna Maikel Faraday a kusa da birnin Landan na ƙasar Ingila a 1791. Ubansa maƙeri ne, talaka. Yaron bai yi nisa a makaranta ba. Karatu da rubutu da ɗan lissafi kawai ya samu. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon sana'a wurin mai ɗinkin littattafai. Duk littafin da aka kawo ɗinki, in ya sami sarari sai ya karanta.

A 1812 wani ya ba shi tikitin shiga laccar wani babban masani mai suna Hamfiri Davy. Laccar ta jama'a ce. Faraday ya je ya zauna, ya kasa kunne, ya rubuta abin da ya ji. Da ya koma gida sai ya gyara rubutun, ya ɗinke shi ya zama littafi, ya aika wa masanin. A 1813 Davy ya ɗauke shi aiki, yana wanke masa kwalabe yana taya shi gwaje-gwaje.

A 1831 wannan ɗan maƙeri ya gano wani abu babba. Ya ga cewa in aka motsa mayen ƙarfe a cikin naɗin waya, wutar lantarki takan gudana a cikin wayar. A kan wannan sani aka ƙera janareta. Ƙaramin injin nan da ke gugar tayar keke ya kunna fitila, da shi yake aiki. Manyan injunan madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka gama a 1968, su ma da shi suke aiki. Watau ruwan da ke wucewa ta ƙasar Bagudo ya gangara Yawuri, shi ne ke zuwa ya juya injunan Kainji bisa dabarar ɗan maƙeri.

Faraday bai manta da inda ya fito ba. Cibiyar da yake aiki, mai suna Royal Institution, ta fara laccar ƙarshen shekara don yara da matasa a 1825, kuma shi ne jigonta. Shi kansa ya gabatar da ita sau 19. Wadda ta fi shahara a kan kyandir ya yi ta. Ya kunna kyandir a gaban yara, ya bi da su daki-daki: me ke ci, me ya sa harshen wuta ke miƙewa sama, ina hayaƙi ke zuwa, me ya sa wuta ke mutuwa in an kife ta da kwalba. Har yanzu ana yin wannan lacca duk shekara, ana nunawa a talabijin.

Darasin labarin a fili yake. Zama a wurin lacca ya buɗe wa yaron talaka ƙofa. Kuma rubutun hannunsa ne ya kai shi, ba dukiya ba.

BIKIN KIMIYYA A DUNIYA

Daga lacca sai abin ya girma ya zama biki. A 1989 birnin Edinbara na ƙasar Birtaniya ya fara bikin kimiyya na kwanaki da yawa, inda iyaye ke zuwa da 'ya'yansu su ga gwaje-gwaje su taɓa da hannunsu. A Afirka ta Kudu an fara irinsa a 1997 a garin da yanzu ake kira Makhanda. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe ranar 10 ga Nuwamba ta zama ranar kimiyya ta duniya, aka fara bikinta a 2002. Ita ce dai hukumar da ta keɓe 8 ga Satumba don yaƙi da jahilci.

A NAN GIDA FA?

Kai ilimi cikin jama'a ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Kafin jihadi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi sun zaga ƙasar Kabi suna karantar da mutane da harshensu, har suka ƙetare kogi suka kai Illo. Nana Asma'u ta tura jajis ƙauyuka suna koyar da mata. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu a kan magunguna. Tun kafin su, wani malamin Katsina mai suna Muhammadu ɗan Muhammadu ya shahara a lissafi a birnin Alƙahira, a can ya rasu a 1741.

Taro ma Kabawa sun iya shi. Bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. A bikin akan yi nunin amfanin gona. Kuma hana su a Matan Fada har sai lokacin biki ya zo dabara ce ta barin kifi ya hayayyafa ya girma.

An kuma ga amfanin bayani a dandali a yaƙin da aka yi da kurkunu. A 1988 an ƙirga mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Cutar ba ta da allurar rigakafi. Ma'aikata suka bi ƙauye-ƙauye suna nuna wa mutane ƙananan ƙwarin da ke cikin ruwan tafki, waɗanda ke ɗauke da ƙwayayen tsutsar. Suka koya wa mata tace ruwa da ƙyalle. Suka roƙi mai kurkunu kada ya tsoma ƙafarsa a ruwan sha. Mutum na ƙarshe da ya kamu a Nijeriya a 2008 ne, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ƙasar ta rabu da cutar. Sani ne ya kashe kurkunu.

Yanzu ga misalin tambayoyi biyu da za a iya ɗauka a taron kimiyya na ƙasar Bagudo.

TAMBAYA TA FARKO: ME KE CIKA KOGI DA SANYI?

Duk wanda ya tashi a bakin kogin Kwara, wanda ake kira Neja, ya san yakan kawo ruwa sau biyu a shekara. Na farko da damina ne, wajen Agusta zuwa Oktoba. Wannan ba abin mamaki ba ne, don kowa na ganin ruwan sama. Na biyu kuwa da hunturu yake zuwa, wajen Disamba zuwa Fabrairu, alhali ko ɗigo bai sauka ba. Daga ina ya fito?

Masana suna kiran na farko farin ruwa. Ruwan saman yankin nan ne. Gulbin Kabi yakan kwaso na Sakkwato da Zamfara. Kogin Sota da na Alibori sukan kwaso na arewacin Benin. Yana zuwa da gaggawa, ɗauke da laka, shi ya sa yake gurɓatacce.

Na biyu suna kiransa baƙin ruwa. Shi baƙo ne daga nesa. Kogin Kwara ya faro daga duwatsun ƙasar Gini, tsawonsa kusan kilomita 4,200. Ruwan da ya sauka a Gini da damina yakan gangaro ƙasar Mali. Tsakanin Mopti da Tambutu akwai wata shimfiɗaɗɗiyar fadama mai faɗin gaske. Da ruwan ya iso can sai ya bazu, ya rage gudu, kamar an zuba ruwa a faifai. Lakarsa ta kwanta. Rana ta shanye kaso mai yawa. Sauran ya taru sannu a hankali ya bi ta Gawo, da Yamai, da Gaya, da Malanbil, ya shigo Nijeriya ta wajen Lolo. Tafiyar takan ci watanni. Da yake ya bar lakarsa a Mali, sai ya iso garau, ana ganinsa da duhu-duhu.

Wannan sani yana da amfani ga mai noman rani a bakin kogi. Rashin hadari a sama ba ya nufin kogi ba zai taso ba. In ruwa ya yi yawa a Yamai, to yana nan tafe. Ƙasashe 9 da kogin da rassansa suka ratsa suna da hukuma guda mai hedkwata a Yamai, wadda ke auna ruwan. A Nijeriya kuma hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA ta fitar da na ambaliya. Manoman Kabi ba su manta da 2020 ba, shekarar da ruwa ya cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa ana dab da girbi. Hasashe ba ya tare ruwa. Amma wanda ya ji da wuri yakan kau da iyalinsa da dabbobinsa da hatsinsa. Labarin da ya tsaya a ofis bai amfani kowa ba, sai ya iso dandali.

TAMBAYA TA BIYU: ME KE KAWO HUSUFI?

Manya suna tune da ranar Laraba 29 ga Maris 2006. Da hantsi, bayan ƙarfe 10, rana ta dusashe. Inuwar ta shigo ta Gana, ta bi Togo da tsakiyar Benin, ta shiga Nijeriya ta wajen Shaki, ta wuce Gusau da Katsina, ta ƙetara Maraɗi. A waɗannan garuruwa duhu ya rufe na 'yan mintoci, kaji suka nufi akurki. Ƙasar Bagudo tana kusa da hanyar inuwar, don haka a nan ma mafi yawan rana ya rufe.

Ga yadda abin yake. Duniya tana zagaya rana. Wata kuma yana zagaya duniya. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake haskowa da shi. Wani lokaci wata yakan gitta daidai tsakanin rana da duniya, sai inuwarsa ta faɗo a kan wani yanki. Mutanen yankin su ga rana ta rufe. Wannan shi ne husufin rana. Ba ya faruwa sai a ƙarshen wata, lokacin da wata ya ɓata.

Wani lokaci kuma duniya ce ke shiga tsakani, inuwarta ta faɗa a kan wata. Wannan shi ne husufin wata, wanda ake cewa rana ta kama wata, yara su fito suna kaɗa gwangwani. Ba ya faruwa sai a tsakiyar wata, daren 14 ko 15. Jan da wata ke yi kuwa, ɗan hasken rana ne da ya ratso ta iskar duniya, irin jan da ake gani a yamma gab da magariba.

Mai tambaya zai ce, yaya ƙaramin wata zai rufe rana? Gaskiya ne faɗin rana ya ninka na wata kusan sau 400. Amma nisanta ma ya ninka nasa kusan sau 400. Wata yana da nisan kilomita 384,000, rana kuwa kilomita miliyan 150. Shi ya sa ido ke ganin girmansu ɗaya. Mutum yakan rufe ƙatuwar kuka da babban yatsansa in kukar tana nesa.

Wani kuma zai ce, me ya sa ba a husufi kowane wata? Domin hanyar wata ta ɗan karkace. Yawancin watanni yakan bi ta sama ko ta ƙasa da layin, inuwar ta wuce ba ta taɓa kowa ba.

Ana iya nuna duk wannan a aji. A rufe tagogi, a kunna tocila ta zama rana. Ƙwarya ta zama duniya, lemo ya zama wata. Yaro ya riƙe lemon ya zagaya ƙwaryar. Kowa zai ga inuwa ta faɗa nan, ta faɗa can. Gani ya kori ji.

Tafiyar rana da wata tana bisa ƙa'ida, don haka ana lissafa husufi tun kafin ya zo. Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun lura tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce cewa husufi yakan maimaitu bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11. A gwada lissafin. A ɗora wannan adadi a kan 29 ga Maris 2006, sai a faɗa kan 8 ga Afrilu 2024. A wannan rana kuwa an yi cikakken husufin rana a Meziko da Amurka da Kanada. Wannan ba duba ba ne. Lissafi ne, irin na mai kalanda.

Rashin sani ya fi dare duhu. A watan Janairu na 2001 an yi husufin wata, sai wasu matasa a Maiduguri suka ɗora laifin a kan wasu mutane, suka fita ƙone-ƙone. Alhali malaman addini sun bayyana cewa rana ta yi husufi ran da Ibrahimu ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu. Mutane suka danganta abin da rasuwar. Manzo ya gyara musu, ya nuna cewa husufi ba ya aukuwa saboda wani mutum, ya umarce su da salla da addu'a. Sanin ranar husufi ma taimako ne ga liman, don zai sanar da jama'a su shirya.

HUSUFI BIYU NA 2027

Ga dalilin da aka ambata a farko. Lissafin masana ya nuna za a yi husufin rana sau biyu a 2027, kuma duka biyun za su taɓa yankin nan.

Na farko ranar Asabar 6 ga Fabrairu, a ƙarshen Sha'aban, gab da azumi. Zai zo da yamma, rana na shirin faɗuwa. A bakin teku, wajen Abijan da Ankara da Lome da Kwatano da Legas, wata zai shiga tsakiyar rana ya bar gefenta kamar zobe. A Bagudo da Segbana da Malanbil za a ga babban sashe na rana ya rufe.

Na biyu ranar Litinin 2 ga Agusta, da hantsi. Cikakken duhu zai bi ta Maroko, da Aljeriya, da Libiya, da Masar, da Jidda, da Makka. A wani yanki na Masar zai wuce minti 6. A nan kuwa ɗan sashe ne zai rufe, in hadari bai tare ba. Cikakken husufi ba zai sake ratsa Nijeriya ba sai 20 ga Maris 2034, ta kudu, har da Legas.

Haɗarin yana ga ido. A can bayan ido akwai wata tattausar fata wadda haske ke sauka a kanta. Ƙwayar ido takan tattara haske wuri ɗaya, kamar gilashin nan da yara ke kunna busasshiyar ciyawa da shi a rana. In mutum ya ƙura wa rana ido, wannan fata takan ƙone. Ba ta jin zafi, don haka mutum ba ya sanin ɓarna na aukuwa. Sai bayan sa'o'i ya fara ganin tabo a tsakiyar duk abin da ya duba. Wani yakan warke, wani tabon ya zauna har abada. Kuma tsakiyar ido ita ce wurin da ake ganin baƙaƙe da shi. Wanda ya sha wahalar koyon karatu da girma bai kamata ya sayar da idonsa don kallon minti biyu ba.

Husufin Fabrairu ya fi bukatar lura. Lokacin hazo ne, kuma da yamma. Rana za ta yi laushi a ido, yara su ga kamar ba komai. To, akwai komai. A kiyaye waɗannan:

1. Kada a dubi rana da ido tsirara, ko da saura ƙiris ta rufe.

2. Baƙin tabarau ba ya karewa. Haka gilashin da aka turara da hayaƙi, da hoton ƙashi na asibiti, da baƙar leda, da yawancin gilashin masu walda.

3. Kada a kalli rana a cikin ruwan kwano ko a madubi. Hasken da ya dawo daga ruwa ma yana ƙuna.

4. Hanya mai lafiya ita ce a huda ƙaramin rami a kwali da ƙusa. Mutum ya ba rana baya, ya bar haske ya bi ta ramin ya sauka a farar takarda ko bango. Zai ga hoton rana da inda wata ya gutsure ta. Rariya ma tana yi. Haka hasken da ke ratsowa ta ganyen bishiya.

5. Akwai tabarau na musamman da aka yi don husufi. In ba a tabbatar da ingancinsa ba, ko ya huje, a koma ga kwali.

6. Husufin wata ba ya cutar da ido. Kowa ya kalla yadda ya so.

YADDA GARI ZAI SHIRYA NASA TARO

Taron kimiyya ba ya bukatar babban zaure ko kuɗi masu yawa. Inuwar bishiya da allo sun isa a fara.

Da farko malamin aji da ɗalibansa su je wurin mai gari ko hakimi su nemi izini. A sanar da limamai, da limaman coci inda suke. A zaɓi lokacin da bai ci karo da aikin gona ba, kamar bayan la'asar ko yammacin ranar kasuwa.

Sai a nemi masu bayani. Akwai malamin kimiyya na makarantar sakandare, da malamin gona, da malamin asibiti, da malamin dabbobi. Akwai 'ya'yan gari da ke karatu a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, ko a manyan makarantun Birnin Kabi. In sun zo hutu a ba su fili. A zaunar da su tare da masanan gida: Sarkin Ruwa, da maƙeri, da ungozoma, da dattijon makiyayi. Basarken da ya shekara 40 a cikin jirgi ya san kogi ta wata fuska, malamin makaranta ya san shi ta wata. In suka haɗu jama'a ce ke cin riba.

A yi magana da harshen da mutane ke ji. In Hausa ba ta wadatar ba, a sami mai fassara da Fulatanci ko Zabarmanci ko Dandanci ko Busanci. A gayyaci 'yan'uwa na ƙetaren iyaka, waɗanda ake cin kasuwa ɗaya da su. Makarantunsu da Faransanci suke karatu, amma kogi ɗaya ake sha, agogo ɗaya ake bi, kuma inuwar wata ba ta tsayawa a shingen kwastan.

Kowane mai bayani ya zo da abin nunawa. Mai zancen lantarki ya kife keke ya juya taya, fitila ta kama. Malamin asibiti, in da hali, ya kawo madubin ganin ƙwayoyin cuta, ya ɗiga ruwan tafki, mutane su leƙa ɗaya bayan ɗaya. Mai zancen husufi ya zo da tocila da ƙwarya da kwali. Kada bayani ya yi tsawo. A bar lokaci mai yawa don tambaya.

A keɓe wa mata wurinsu, ko a yi musu nasu zama a lokacin da ya dace da su. Su ne ke tare da yara a gida ran husufi, su ne kuma ke ɗebo ruwan sha. Abin da uwa ta sani, gida duka ya sani.

A ajiye akwati a aji tun mako biyu kafin taro. Kowane ɗalibi ya rubuta tambayarsa da hannunsa ya jefa. Me ya sa gishirin Turawa ke ƙona shuka in ya yi yawa? Me ke sa tsawa? Shin Zara da Gamzaki tauraro ɗaya ne? Amsar wannan ta ƙarshe ita ce e, ɗaya ne, wani lokaci ya fito da yamma, wani lokaci da asuba. Babu tambayar banza, kuma kada a yi wa kowa dariya. In mai bayani bai san amsa ba, ya faɗi gaskiya, ya je ya bincika ya dawo.

Daga ƙarshe aji ya buɗe littafin lura. A kafa gwangwani mai miƙaƙƙen gefe a fili, a auna ruwan sama da rula duk ran da aka yi, a rubuta. A kafa sanda mai alamomi a bakin kogi, a rubuta inda ruwa ya kai kowace Juma'a. A rubuta ranar da baƙin ruwa ya fara isowa. Bayan shekara 5 gari zai mallaki abin da babu wanda ya taɓa rubuta masa.

RUFEWA

Jama'a, gemu ba ya hana ilimi. Kowane aji ya sa ranar taronsa kafin 6 ga Fabrairu 2027. Kowane ɗalibi ya koya wa gida uku dabarar kwali, ya kuma gargaɗi yara. Ajin da ya yi taro ya rubuto wa wannan jarida labarinsa, da tambayoyin da aka kasa amsawa, don a nemi masana su amsa a fitowa ta gaba.

Allah ya ƙara basira, ya tsare idanu, ya ba da damina mai albarka. 

TAMBAYOYI DON AJI

1. Wace sana'a uban Faraday yake yi?
2. Daga wace ƙasa baƙin ruwa ke farowa?
3. A wane lokaci na wata ake husufin rana?
4. Faɗi abubuwa uku da ba sa kare ido ran husufi.
5. Rubuta tambaya ɗaya da za a kai taron kimiyya na garinku.